Taron da Ba Shi da Babban Tebur: Yadda Mahalarta ke Tsara Ajandarsu da Kansu

 Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na makon jiya. Mun rubuta shi ne saboda waɗanda lokacin ya riske su a daji ko a kan layi a bakin shinge. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da ya jawo maganar

Kwanakin baya gidan rediyo ya aike ni in ɗauko rahoton wani taro da aka kira a kan zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. An ce ƙarfe tara za a fara, ba a fara ba sai da sha ɗaya ta gota, ana jiran babban baƙo. An jera babban tebur, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an ɗora ruwan gora. Aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin buɗe taro, sannan wani masani ya kunna majigi ya yi awa guda yana bayani da Faransanci, tafinta na bin sa a guje yana tsinto abin da ya samu.

A layin baya akwai wani dattijo Bafulatani da ya bar dabbobinsa a hannun yara, ya biya kuɗin kabu-kabu tun daga rugarsu. Sau uku ina ganin yana ɗaga hannu. Da aka zo wurin tambayoyi, mai gabatarwa ya ce saura minti goma, mutum uku kaɗai za a ba dama, kowa kuma ya taƙaita. Baffa bai samu shiga ba.

Da aka fita shan shayi sai na ga ya ja wani mai gari gefe. Malamin dabbobi ya zo ya tsaya, sai ga wasu manoma biyu. Suka tsuguna a inuwa, dattijon ya zana burtali a ƙasa da sandarsa, ya nuna inda gona ta ci hanya har ta tare wa shanu zuwa rijiya. Cikin minti ashirin sun tsayar da ranar da za su je su ga wurin da idonsu. Ana cikin haka aka ce a koma ciki, za a fara jawabi na gaba. Na dawo gida ina tambayar kaina: me ya hana a bar su su ci gaba, tunda abin da aka kira taron dominsa ke nan?

Da na shiga bincike sai na tarar wani ya riga ni yin wannan tambayar da shekara arba'in, har ya fito da wani salon taro a kanta.

Mutumin da hutun shan kofi ya kayar

Sunansa Harrison Owen, Ba'amurke ne, aikinsa a wancan lokacin shi ne ba kamfanoni da ƙungiyoyi shawara. A shekarar 1983 ya shirya wani babban taro na mutum 250. Shekara guda cur ya yi yana shiri: wa zai yi magana, a kan me, a wane ɗaki, da ƙarfe nawa. Da aka tashi, mahalarta suka ce masa taro ya yi kyau, amma inda suka fi ƙaruwa shi ne lokacin da aka fita shan kofi. Shi kansa ya yarda haka ne. Kun ga ke nan abu ɗaya da bai sa hannu ya tsara ba, shi ne ya fi amfani.

Sai ya tuna da wani abu da ya gani a nan Afirka ta Yamma. A ƙarshen shekarun 1960 ya yi zama a Laberiya, ya kuma halarci wani biki a wani ƙauye mai suna Balamah, bikin shigar da samari cikin manya, wanda ake yi sau ɗaya a shekara bakwai. Kwana huɗu ana biki, mutum wajen 500, bai ga kwamitin shirye-shirye ba, bai ga takardar jadawali ba, amma komai ya tafi daidai. Ya kuma lura cewa ƙauyen a kewaye aka gina shi, da fili a tsakiya, in za a taru kowa na ganin fuskar kowa.

Mu da muka san bikin karkara mun san akwai tsari a wurin, illa dai ba a takarda yake ba. Masu girki sun san aikinsu, makaɗa sun san lokacinsu, dattawa sun san inda za su zauna. Abin da Owen ya ɗauka daga can shi ne mutanen da abu ya dama suna iya tsara kansu in an ba su fili.

A 1985, a garin Monterey na jihar Kalifoniya, ya gwada. Mutum 85 suka zo, suka tarar da kujeru a kewaye da bango fanko, babu ajanda ko layi ɗaya. Kafin awa uku su da kansu sun tsara aikin kwana uku. Da Turanci ake ce wa wannan salo Open Space, mu a shirinmu mun ce masa buɗaɗɗen fili.

Yadda ake yin sa

Da farko mai kiran taro yakan fitar da tambaya ɗaya tak, wadda ta dami kowa, ya sa ta a cikin gayyata. Misali: yaya za mu yi dabbobi su sauko bana ba a yi ɓarna ba, ba a zubar da jini ba? Ba a tilasta wa kowa zuwa, ba a kuma aiko mutum don ya cika kujera.

Ranar taro kowa zai zauna a kewaye, kamar yadda ake kewaye wuta lokacin sanyi. Ba babban tebur, ba layin gaba, ba layin baya. A tsakiya an ajiye takardu da alƙaluma. Bango kuwa an raba shi gida-gida, kowane gida yana nuna lokaci da wuri: ɗaki kaza da safe, ɗaki kaza da rana.

Mutum ɗaya ne zai buɗe fili. Zai maimaita tambayar, ya yi bayanin tsarin a taƙaice, sannan ya ce duk wanda ke da wani batu da ke ci masa tuwo a ƙwarya, ya fito. Mai batu zai fito tsakiya, ya rubuta shi da kalma kaɗan, ya faɗi sunansa da batunsa da ƙarfi kowa ya ji, ya je ya liƙa a gidan da ya zaɓa a bango. Galibi da farko sai a yi tsit, kowa na kallon kowa. Da mutum ɗaya ya tashi, sai ka ga ana layi.

Akwai sharaɗi guda, kuma shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya. Wanda ya kawo batu, shi zai riƙe zaman. Shi zai je wurin a kan lokaci, ya buɗe magana, ya tabbatar an ajiye abin da aka faɗa. Ba sai masani ba, ba sai yana da amsa ba, tambaya ma ta isa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya jefa magana ya ce "ya kamata a duba kaza", ya koma ya naɗe hannu.

In batutuwa sun ƙare, sai a buɗe kasuwa. Owen da kansa ya kira wannan mataki kasuwar ƙauye. Kowa zai tashi ya je bango ya duba hajar da aka baza, ya sa sunansa inda yake so. In batu biyu sun yi kama, masu su na iya haɗe su in sun ga dama. In mutum na son zama biyu da suka faɗo lokaci ɗaya, sai ya je ya yi ciniki da masu su, ko ɗaya ya matsa. 'Yan kasuwa, wannan ba sai an koya muku ba.

Daga nan sai a watse ƙungiya-ƙungiya. Kowane zama yakan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Abin da kowace ƙungiya ta tattauna ana rubuta shi a liƙa inda kowa zai gani. Da yamma a sake kewayewa a ji labarin yini. In taron na kwana biyu ko uku ne, kafin a tashi kowa na samun kwafin dukkan rahotanni, a zaɓi waɗanda suka fi gaggawa, a san wa zai yi me.

Shi kuwa mai buɗe fili, da ya gama buɗewa aikinsa ya ragu ƙwarai. An san Owen da cewa bayan ya buɗe taro sai ya koma yana kwashe kofunan da aka sha kofi, wani lokaci ma ya je ya ɗan rintsa. Da gangan yake yi, don kada jama'a su riƙa waiwayensa suna jiran ya ce musu ga abin da za su yi.

Ƙa'ida huɗu da doka ɗaya

Ƙa'ida ta farko: waɗanda suka zo zamanka, su ne suka dace su zo. In ka kawo batun rijiya mutum uku kaɗai suka zo, to waɗannan ukun su ne rijiyar ta dama, da su za ka yi aiki. In ba wanda ya zo, ka samu lokacin da za ka zauna ka yi tunani a kan batunka, ko ka ɗauke shi ka shiga wani zaman da shi.

Ta biyu: abin da ya faru a zaman, a karɓe shi a yi aiki da shi. Kada a ɓata lokaci ana da ma wane ya zo, da ma an ce kaza. Da-na-sani ƙeya ce.

Ta uku: lokacin da magana ta kama, shi ne lokacinta. Wani zaman tun gaisuwa za a faɗa cikin batu, wani sai an ɗan yi zagaye. A nan sai na ja kunne, wannan ba lasisin makara ba ne. Wanda ya kira zama ya ce bayan azahar, a same shi a wurin bayan azahar.

Ta huɗu: in magana ta ƙare, ta ƙare. In kun warware batunku cikin minti ashirin, ku tashi, ba sai kun cika awa ba. In kuma lokaci ya cika magana ba ta ƙare ba, ku matsa gefe ku ba masu zuwa wuri, ku ci gaba.

Dokar kuwa ita ce dokar ƙafa biyu. In ka ga kana zaune a inda ba ka ƙaruwa, ba ka kuma ƙarar kowa, to ka yi amfani da ƙafafunka ka tafi inda za ka yi amfani. Wannan doka ita ke maganin mai dogon surutu. A taron da muka saba, in mutum ya riƙe lasifika sai dai a yi haƙuri. A nan kuwa in ya cika mutane da magana, zai ɗaga kai ya ga ya rage shi kaɗai.

Dokar nan takan haifar da mutum iri biyu, kuma duka ana son su. Akwai ƙudan zuma, masu tashi daga wannan ƙungiya su sauka a waccan, su kai labarin abin da aka ce a can. Akwai kuma malam-buɗe-littafi, waɗanda ba su shiga ko'ina ba, suna zaune wajen mai shayi. Sau da yawa a gefensu ne wata hira mai amfani ke tashi, irin wadda Baffa ya yi a inuwa.

An gwada shi a inda ake rigima?

An gwada. A watan Afrilun 1992, a birnin Denver na Amurka, mutum wajen 225 suka taru na kwana biyu a kan yadda za a kashe dala biliyan 1.5, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa ba, wajen gina hanyoyi a filayen gwamnati da filayen ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. Kashi ɗaya cikin uku 'yan waɗannan ƙabilu ne, kashi ɗaya ma'aikatan gwamnatin tarayya, kashi ɗaya na jihohi da ƙananan hukumomi. Mutane ne da ke da tsohuwar rashin yarda a tsakaninsu, ga ƙasa, ga kuɗi. Su da kansu suka kafa ƙungiyoyin tattaunawa 52, suka tashi da rahoto mai shafi wajen 150. A 2003 kuma an yi irin wannan taro da mutum sama da 2,000 a birnin Würzburg na Jamus. Da mutum biyar ma ana yin sa.

Masu wannan salo sun ce ya fi aiki in abubuwa kamar haka sun haɗu: batu ne na gaske da ya dami mutane, yana da sarƙaƙiya har ba mutum ɗaya da ke da amsarsa, mutanen da ya shafa iri-iri ne, akwai rigima ko ana tsoron ta, kuma lokaci ya ƙure.

To ku auna da namu. Maganar sakin gonaki bayan kaka, ta manomi ce, ta makiyayi ce, ta mai gari ce, ta malamin dabbobi ce, kuma kowace shekara lokaci a ƙure yake. Ku tuna da rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda aka yi a 2023 har zuwa Maris na 2024. Mai albasa, mai wake, dillalin shanu, ɗan canji, direba da mai ɗaukar kaya, kowa da inda abin ya cije shi, kuma ba wani masani ɗaya da ya san duka. Ko maganar takarda: a 1998 ƙungiyar CEDEAO ta fito da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Wace takarda makiyayi zai riƙe yanzu, wa zai ba shi, wa zai karɓa a wancan gefen? Irin wannan tambaya ce mutum zai fito tsakiya ya liƙa a bango.

Akwai kuma inda bai dace ba. In mai kiran taro ya riga ya yanke abin da za a yi, yana son a tafa masa kawai, kada ya wahalar da mutane da buɗaɗɗen fili, ya kira su ya faɗa musu. In babba ba zai iya jure jin abin da bai shirya ji ba, shi ma ya bari. Sannan wannan salo ba kotu ba ne. In an yi kisa ko an sace shanu, wannan aikin hukuma ne. In rikicin iyakar gona ne da ke buƙatar hukunci, akwai sarki, akwai kwamitin filaye, akwai alƙali.

'Yan uwansa

Buɗaɗɗen fili na da dangi. Akwai wanda ake kira BarCamp, wanda matasa masu aikin kwamfuta suka fara a garin Palo Alto na Kalifoniya a watan Agustan 2005, suka shirya shi cikin kwanaki ƙalilan. Dokarsu ita ce ba ɗan kallo, duk wanda ya zo sai ya kawo wani abu ko ya taimaka da wani aiki. Ya yaɗu a duniya, har a Ghana an fara yin sa a Accra a ƙarshen 2008, daga baya ya kai garuruwa irin su Kumasi da Tamale.

Akwai kuma World Café, wanda Juanita Brown da David Isaacs suka fara a gidansu a Kalifoniya a 1995. Shi ana zama ne mutum huɗu ko biyar a ƙaramin tebur, a tattauna tambaya ɗaya na kamar minti ashirin, sai kowa ya tashi ya canza tebur, mutum ɗaya ya tsaya ya ba sababbin zuwa labarin abin da aka ce. Bambancinsa shi ne mai shirya taro ne ke kawo tambayoyin. Wannan ya fi sauƙi ga mutanen da ba su saba fitowa tsakiya ba, domin magana a gaban mutum huɗu ba kamar magana a gaban ɗari ba ce.

Abin da masu sauraro suka ce

Da muka buɗe layi, wani dillali ya bugo daga kara ya ce duk wannan na 'yan boko ne, tunda rubutu ake yi. Gaskiya ne an gina salon a kan takarda da bango, amma rubutun alama ce kawai ta cewa ga batu, ga mai shi, ga inda za a same shi. Mutum na iya faɗin batunsa da baki, wani yaro ya rubuta da boko ko da ajami. Ana iya zana rijiya, a zana saniya, a zana mota. Ana iya sa sanƙira ya maimaita da Hausa da Fulatanci, da kowane harshe da ake ji a wurin. Rahoto kuma ana iya ɗaukar sa da murya a waya.

Wani dattijo ya ce shi abin da bai gamsu da shi ba dokar ƙafa biyu ce. Yaya yaro zai tashi ya fita babba na magana? Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba ni da bakin da zan ce a ajiye kunya. Abin da na gani shi ne dokar ba za ta yi aiki a wurinmu ba sai in manya ne suka buɗe ta da bakinsu. In Ardo ko mai gari ya tashi tun farko ya ce yau duk wanda ya tashi daga zamana ya tafi wani ban riƙe shi da komai ba, to an sauke wa yara nauyi. In bai faɗa ba, kowa zai taru a inda babba yake, a koma gidan jiya.

Wata Hajiya mai sayar da nono da man shanu ta ce ko an zauna a kewaye, mace ba za ta fito tsakiyar maza ta ɗaga murya ba, balle in surukinta na wurin. Ita ma ta yi gaskiya. Cire tebur ba ya cire abin da ke tsakanin mutane. Dabarar da ake iya yi ita ce mata su fara nasu zaman, su fitar da batutuwansu, a liƙa su a bango ɗaya da na maza, da wuri da lokaci kamar na kowa. Haka samari masu bin shanu. Su ne ke kwana a daji, su suka san inda aka toshe hanya, amma su ne ba a cika gayyata ba. Ƙa'idar da ta ce waɗanda suka zo su ne suka dace, tana aiki ne in gayyata ta kai ga kowa. In an gayyaci ɓangare ɗaya aka bar ɗaya, ƙa'idar ba za ta wanke mai gayyata ba.

Wani ɗan kasuwa kuma ya tambaya ko ana ba da kuɗin zama. Na ce masa a asalin tsarin abin da ke kawo mutum shi ne damuwarsa da batun. A taimaka wa wanda ya zo daga nesa da kuɗin mota da abinci, wannan daidai ne. Amma in ambulan ce ta tara mutane, za a samu masu zama, ba za a samu masu fitowa tsakiya su ɗauki nauyi ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ta fi damuna: bayan an gama, wa zai aiwatar? A nan ne irin wannan taro ke mutuwa in ba a yi hattara ba. Mutane sun buɗe cikinsu, an cika bango, sannan takardu su tafi ofis su kwanta. In aka yi wa mutane haka sau ɗaya, karo na biyu ba za su zo ba. Shi ya sa tun kafin taro ake son mai kira ya faɗi gaskiya: ga abin da ke hannunmu, ga abin da sai mun kai gaba, ga abin da ba za mu iya taɓawa ba.

In ƙungiyarku za ta gwada

Ba sai an kama ɗakin taro ba. Ku zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, domin ba wanda zai bar Alhamis ta Maigatari ko Lahadi ta Illela ya zo zama. Ku nemi fili mai itatuwa, kowace inuwa ta zama ɗaki: gindin tsamiya, gindin gawo, gindin bedi, rumfar mai shayi. Lokaci kuma ku raba shi yadda kowa ya sani: zama ɗaya da hantsi, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan la'asar. Inuwa biyar sau uku, kun samu gida goma sha biyar ke nan. Allon makaranta ko bangon wani shago ya isa a zana su.

Ku sa tambaya ɗaya, gajera, wadda ba ta ɗora wa kowa laifi ba. In kuka ce yaya za a hana makiyaya ɓarna, kun kori rabin mutanen tun ba su zo ba. In kuka ce yaya za a hana manoma cin burtali, kun kori ɗaya rabin. Ku aika gayyata ruga-ruga da ƙauye-ƙauye, har da na wancan gefen iyaka, ku kuma gayyaci ma'aikata su zo su zauna a tabarma ɗaya da kowa, su ma su kawo nasu batun. Mai buɗe fili ya zama wanda ɓangarorin suka yarda da shi, mai iya yin shiru.

Kafin magariba ku sake kewayewa. Kowace inuwa ta faɗi abu biyu kawai: me muka tsayar, wa ya ɗauki nauyi zuwa wace rana. A sa ranar da za a dawo a ji inda aka kwana. Ku fara da ƙarami, mutum talatin ko arba'in, a kan batu ɗaya na yankinku.

Duk ƙungiyar makiyaya ko ta 'yan kasuwa da ta gwada, ta aiko mana da labari, ko ya yi kyau ko bai yi ba, za mu sa shi a shiri domin wasu su ƙaru. Sanarwar gayyata kuma ku kawo mana da wuri mu karanta muku. Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya sa dabbobi su sauko lafiya, Ya buɗa kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.